Abin da Inna ta Bari a Kasuwar Bankok

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Tabawa, wadda mu 'ya'yanta muke kira Inna, mutanen unguwa kuma suke kira Hajiya 'yar Bankok. Na so in yi muku irin rubutun da aka saba, in jero halayenta na kirki, in roƙa mata gafara, in rufe. Ba zan iya ba. Wani abu ya same ni a bana wanda har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na nemi wuri na zauna.

Kafin in zo kansa, bari in gaya muku abin da ya daɗe yana cina. Na fara manta muryarta. Wanda bai rasa uwa ba zai ce ai wannan ba ya yiwuwa. Wallahi yana yiwuwa. Sai in rufe ido in ce bari in ji yadda take cewa "yalla, ku tashi sallah", kalmomin su zo, muryar ta ƙi zuwa. Kuma ba ni da inda zan je in nemo ta. A nan Jidda mata ba ma shiga maƙabarta, kaburburan ma ba suna a kansu. Gidanmu na kusa da Mahjar yana cikin waɗanda aka rushe. Na sa an kai ni wurin, na tsaya a fili fetal na kasa nuna inda ƙofarmu take. Hoto kuwa, Inna in ta ga an ɗaga kamara sai ta ja mayafi ta shige kicin. Waya ba ta san a aika saƙon murya ba, kira take, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta kashe maka kana tsakiyar amsa. Kaset ɗin bikina ne kaɗai ya kama dariyarta, shi ma ruwa ya ci shi shekarar da ambaliya ta shiga gidan.

Akwai kuma wani abu. Ni ce 'yar farinta, ita kuwa mutuniyar da ce, ta zo da kunyar mutanen Kano a ƙunshe ba ta taɓa kwance ta ba. Sunana Rakiya, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Ke." "Waccan." "Ku kira mini babbar." Maƙwabtanmu Larabawa in suka ce mata Umm Rakiya sai ta yi kamar da bango suke. Ran da muka je sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ma'aikaci ya ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta, sai ta zunguri ƙanena ta ce ya fara lissafi. Na san al'ada ce, an yi mini bayani sau ba adadi. Amma ni a Jidda aka haife ni, na tashi ina jin uwayen ƙawayena suna kiran 'ya'yansu da suna har da ƙarin habibti, wato masoyiyata. Ya yi mini ciwo ina yarinya, ban kuma daina jin ciwon ba don na girma.

Sana'arta kuwa kowa ya sani. Ta ɗauki manyan jakunkunan ledar nan masu ratsi-ratsi ba komai a ciki, ta hau jirgi, ta dawo da su kamar za su fashe: yadi, takalma, rigunan yara, sarƙoƙin ado. Ta zube a falo, mata daga Mahjar har Bani Malik su cika gidan, a yi ta gwaji ana shewa. Lokacin aikin Hajji alhazan gida su kwashi sauran a matsayin tsarabar Makka. In muka tsokane ta muka ce Inna ai kayan Bankok ne, sai ta ce, "An tambaye ni ne?" Ba ta jin yaren Tailan, ba ta jin Turanci, da kalkuleta da yatsu ta yi shekara da shekaru tana ciniki. Suna ɗaya muke yawan ji a labarinta, Mariyam, wata Musulmar ƙasar mai shagon yadi. Ni ban taɓa bin ta ba. Ita fasfon Najeriya gare ta, ni kuwa na sami takardar zama 'yar ƙasar nan ta wajen mijina, a lokacin kuma ba a bar mu zuwa Tailan ba. Har ta koma ga Allah Bankok a wurina labari ce kawai.

Bana aka sa ranar 'yata Lujain. Ta kafe a kan cewa dabash ɗinta, wato kayan da amarya ke tarewa da su, sai dai na Bankok, don duk ƙawayenta can suka je tun da aka buɗe hanya. Muka tafi mu uku da babanta, wanda tun rana ta biyu ya ce shi halas, wato ya gama, ƙafarsa ta gaji, a bar shi a otal.

Jama'a, na ga abin mamaki. Ni da nake ganin mun ƙure mol, wato manyan kantunan zamani, a Jidda, ashe wasa muke. Jirgin ƙasa ne ke bi ta sama ya sauke ka a bakin ƙofa, ka fita daga wannan ginin ka faɗa wancan ba tare da rana ta taɓa ka ba. A wani, motoci na gani a jere can hawan sama cikin gilashi, na tambayi Lujain ta ina suka hau da su. A ƙarƙashinsa kuma kifaye ne masu girman mutum suna yawo a ruwa cikin gilashi bisa kan jama'a. Ga masallaci, ga abincin halal, ga rubutun Larabci ko'ina saboda irinmu. Duk inda na taka sai in ce, Inna, nan ne Bankok ɗin taki? Na san da ta gani da ta riƙe haɓa. Abin da zai fi ɗaga mata hankali ba kifayen ba ne, a'a, takardar farashin da ke maƙale a jikin kowace riga. Inna tana ganin sayen abu ba ciniki rashin mutunta mai kaya ne. Ina jin da ta tsaya gaban 'yar kantin ta taya rabi, ta juya kamar za ta tafi, ta jira a kira ta, a ƙi kira. Da abin ya ɓata mata rai har dare.

Rana ta huɗu na ce wa Lujain ni fa sai an kai ni kasuwar gaske, inda 'yan sari ke zuwa. Ta ɓata fuska ta ce da Larabci, "Mama, zafi, cunkoso, me za ki yi a can?" Hausa tana ji sarai, mayarwa ce ba ta iya ba. Na ce yalla. Muka hau tuk-tuk, abin nan da mutanen Kano ke kira adaidaita.

Nan na gane labarin Inna. Lunguna matsattsu, tamfol a sama, warin soye-soye, masu tura kaya suna ihu a ba su hanya. Sai dai shaguna da yawa a rufe suke, waɗanda ke buɗe kuma sai ka ga mai kaya ta kafa waya a kan sanda, ta ba ka baya, tana ɗaga riga tana yi wa wayar surutu. Ciniki take da mutanen da ba ta gani, kai da ke tsaye kuma ko oho. Na ce wannan kam da Inna ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Ina cikin wannan tunanin ne na ji ta.

"Hajiya, shigo mana! Akwai yadi, akwai leshi, akwai na yara. Mariyam ba ta cuta, ni shaida ce. Yalla, shigo ki huta ko ba ki saya ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ledar hannuna ta faɗi. Na dafa wani teburin takalma har na zubar wa mutane da kaya. Ba kama ba ce, ba irin muryarta ba ce. Ita ce. Har ɗan karcewar nan da take yi a maƙogwaro kafin ta ce yalla. Matar da na yi wa wanka da hannuna tana kiran kasuwa a tsakiyar Bankok! Kafin in gama jan numfashi ta sake: "Hajiya, shigo mana!" Lujain ta damƙe hannuna ta ce, "Mama, Sitti ce." Haka take kiran kakarta.

Muka bi muryar. Wata 'yar lasifika ce baƙa, ta sha ƙura, an ɗaure ta da igiya a saman wani shagon yadi. A ciki wata tsohuwa ce 'yar ƙarama da farin hijabi tana ninke kaya. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Na nuna lasifikar na ce da Larabci, "Wa ya ba ku izini? Kashe!" Raina ya ɓaci matuƙa. Matar da ta ƙare rayuwarta tana gudun kamara, a ce an rataye muryarta a titi tana yi wa kowane kare da doki talla?

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Lujain, ta miƙa hannu ta kashe. Wurin ya yi tsit a kunnena duk da hayaniyar kasuwa. Sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar jana'iza. Shekara tara ina neman muryar nan, na same ta, na sa an kashe da bakina.

"Ke 'yar Hajiya Tabawa?" in ji tsohuwar, da wata Hausa mai lanƙwasa. Na gyaɗa kai. Ta rungume ni, kanta iya ƙirjina, muka yi ta kuka mutane na kallo. Mariyam ce. Da guntun Larabcinta da guntuwar Hausarta ta ba ni labari. Wata shekara kasuwa ta tsaya mata, sai Inna ta ce matan Afirka suna wucewa ne don ba wanda ke kiransu da bakinsu, kawo wayarki in kira miki su. Ita da kanta ta kawo shawarar, Innar da na sani! 'Yan kasuwa sun kawo wa Mariyam labarin rasuwar tun lokacin, ta yi sadaka, ta ce ta so ta cire lasifikar ta kasa, don in ta buɗe shago ta kunna sai ta ji kamar Hajiya ta sauka.

Ta tambaye ni wacce ce ni a cikin 'ya'yan. Na ce babbar. Ta buɗe ido, ta ce in zauna. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta zaro wata tsohuwar waya a cikin gwangwanin biskit, ta jona ta a wuta, muka jira ta kawo haske. Ta ce abin da ke lasifika an yanke shi ne, asalin ya fi haka tsawo. Ta danna.

Inna ta yi kiran kasuwarta har zuwa "ko ba ki saya ba". Sai aka ji dariyar Mariyam. Sai ƙarar waya, ƙarar wayar Inna da na sani. Sai muryarta, a sake, cike da murna:

"Tsaya, tsaya, Mariyam. Rakiya ce. Rakiyata ce ke kira."

Aka ji ta danna wayar, ta gyara murya, ta ce, "Na'am, ke, ya aka yi?"

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na zauna a ƙasa ba. Ban tuna kiran ba, ban san me na kira in tambaya ba, wataƙila inda ta ajiye makullin sito. Mariyam ta ce ai kullum haka take: wannan yadin na Rakiya ne, Rakiya ba ta son ja, Rakiya ta haihu. Ashe sunan da aka hana ni a Jidda nan ake zuwa a yi ta barinsa, inda ba Bahaushen da zai ji ya ce Tabawa ba ta da kunya.

Na sa Mariyam ta sake kunna lasifikarta, na ce kada ta kuma kashewa saboda kowa. Lujain ta kwafi muryar a wayarta da tawa da ta babanta, ta ce ko ɗaya ta ɓace akwai saura. Yadin ɗakinta duka a shagon muka saya, kuma na yi ciniki sai da Mariyam ta ce jini ba ya ɓuya a wajen taurin kai.

Yanzu ina zaune a gidana a Aziziyya ina auna abin da ya rage na Inna. Gida ya tafi. Kabari ban san shi ba. Sana'ar ma ta tafi, don matan da ke cika falonmu yau da waya suke odar kaya a kawo musu har ƙofa, kasuwar Mariyam kuma ban san shekara nawa ta rage mata ba kafin wani mol ya haɗiye ta. Na kuma san da Inna za ta ga na tona mata wannan asiri a jarida, da ta ja mayafi ta shige kicin ta ce waccan ba ta da hankali. Ki yafe mini, Inna, kin riƙe kunyarki har kika tafi, ba wanda ya kama ki sai wayar Mariyam.

In Allah ya kai ɗayanku Bankok, ya ji wata Bahaushiya a lasifika tana cewa a shigo a huta, don Allah ya shiga, ya kuma yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ni kuwa na haura hamsin, ina shirin zama kaka, amma in gida ya yi shiru sai in ɗauko waya in wuce wajen tallan, in kai daidai inda take cewa Rakiya ce. Sai in tsayar kafin ta ce "ke". In amsa.

Na'am, Inna.