Yadda Kwamfuta Ta Mayar da Baffa Rano

Har yau idan na ji an ambaci lambar gidan waya sai raina ya ɓaci. Ni ne sakataren ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu lokacin da aka kawo mana kwamfuta, aka ce littafin rajista ya tsufa, a zuba sunan kowa a na'ura. Wanda ya zo daga birni ya koya mini aikin, wani mai tsukakkiyar riga da yawan murmushi, ya nuna mini abin da ya fi burge shi: ka buga lambobi shida, sai gari da ƙaramar hukuma su cika kansu. Wai an hutar da ni. To, na ga hutu.

Mu nan wa ya san wata lamba? Ka tambayi mutum gidansa, zai ce ka wuce masallacin Juma'a, ka bi gefen tsamiya, ka nemi gidan mai jan sa. Da haka ake samun kowa, ba a taɓa ɓata ba.

Baffa, ƙanin mahaifina, a Fassi yake, a ƙaramar hukumar Kibiya. Can aka haife shi, can yake noma, can shanunsa suke. Da ya zo rajista na rubuta masa kwatancensa tsaf, amma na'ura ta ƙi wucewa sai an ba ta lamba. Sai ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon ambulan, na wasiƙar da ɗansa ya aiko lokacin yana aiki a kudu. A wancan zamanin duk mutanen ƙauyukanmu ta akwatin wani shugaban makaranta a Rano ake aiko musu wasiƙa, ranar kasuwa a je a karɓo. Lambar da ke jikin ambulan ɗin ta Rano ce.

Na buga ta. Nan take kwatancen da na rubuta ya goge, Rano ta hau wurin, ta zauna daram. Na gani da idona, ba zan yi ƙarya ba. Na yi ƙoƙarin gyarawa, gurbin ya kulle. Na kira mai tsukakkiyar riga a waya, ya ce, “Malam, kada ka damu, Rano da Kibiya ai duk ɗaya ne.” Mutumin da ko hanyar Fassi bai sani ba. Ga layi a waje, ga rana, sai na ce wa Baffa an gama.

Bayan damina ciwon huhu ya shigo cikin shanu. Ƙungiya ta samo allurar rigakafi, aka raba masu allura gida biyu, na Kibiya da na Rano, kowa aka buga masa takardar ƙaramar hukumarsa daga kwamfutar nan, aka ba shi magani daidai sunayen da ke hannunsa. Ranar da na Kibiya suka je Fassi, tun da hantsi Baffa ya tara garkensa a fili, bai kai su kiwo ba. Aka yi wa na maƙwabcinsa na dama, aka yi wa na hagu, aka tsallake shi, babu sunansa. Su kuma na Rano suka yi ta kiran sunansa a Yalwa, can ƙasar Rano, ba wanda ya amsa, suka yi wa shanun wani.

Na je wurin shugaban ƙungiya. Na ce, “Alhaji, ka san Baffa. A gidansa ka sha nono ranar sunan jikarsa. A Rano ka sha shi?”

Ya gyara hula ya ce, “Abin da na'ura ta fitar shi za a bi, in ba haka ba kowa zai zo da nasa.”

Wallahi da ba don furfurarsa ba da na faɗi abin da zan yi nadama. Amma haushin da ya fi ci na nawa ne, don yatsana ne ya buga lambar.

Kafin a sake samo magani ciwon ya shiga garken. Na tafi Fassi ranar da aka yanka farar saniyarsa don kada ta mutu mushe. Jikar saniyar da mahaifiyarsa ta ba shi yana yaro ce, ita kaɗai ta rage a wannan zuri'a. Na same shi zaune a kan turmi yana kallon mahauta suna fiɗa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da cewa na gani tun ranar farko na yi shiru. Na so ya zage ni, bai zage ni ba.

Ya ce, “To yanzu ka gyara?”

Na ce na gwada da safe, da na taɓa wurin sai na'ura ta sake cika shi da kanta.

“A ina ta ce nake?”

“Rano, Baffa.”

Ya daɗe yana kallon fatar da aka shanya a ƙasa. Sannan ya ce, “To idan ka koma ka gaishe ni. Ka tambaye ni ya shanu.”