Dalmar da Kawu Ya Zuba

Jiya na ga libarbar Kawu a waya. Ɗansa ya sa ta kasuwa, har da rubuta “tana aiki”, ko kunya babu.

Kawu ya daɗe yana sayar wa masu ajiye kayan tarihi tsofaffin bindigogi, amma kowacce sai ya toshe bakinta da dalma. Har yau ina jin ƙaurin dalmar nan a saman benensa na unguwar Shisha, can ƙasa mai tsarki, tantabaru na kiwo gefenmu.

Na ce, “Kawu, ai kana kashe mata daraja.”

Ya ce, “Ya waladi, ɗana, a garin da ko tantabara ba a firgitawa? Ta mutu ɗin.”

Ko shekara bai yi a ƙasa ba, an haƙe dalmar. Allah Ya jiƙan Kawu, kada Ya tambaye shi abin da bakin libarbar nan zai faɗa.