Usta Haruna da Takardun Ɗana Mansur

Ina layin sayen ful da tamis, wato wake da burodin karin kumallo, a unguwar Madain Fahd da ke Jidda, ina yi wa mai tanda tsiya kan ya ƙona mini gefen burodi, aka kira ni a waya: Usta Haruna ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da kwanon da babu komai na koma gida.

Ƙwararren kafinta ne, shi ya sa ake ce masa Usta, a Balad, tsohon garin Jidda, mai gyaran tagogin katako na tsofaffin gidajen nan. Iyayensa Hausawan Sudan ne, a Jidda aka haife shi, amma har ya bar duniya kowace shekara sai ya sabunta iƙama, takardar izinin zama, a hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Shekara talatin muna shan shayi a ƙofar shagonsa. Ni direba ne, a aji huɗu na tsaya, kuma malamin ne ya riga ni gajiya. Duk takardar da ta fi ƙarfina wurinsa nake kai ta. Ba ya karanta wa mutum takarda a tsaye. Sai ya share maka benci, ya wanke hannu, sannan ya karɓa.

Bara ɗana Mansur, injiniyan lantarki, ya sami hanya biyu. Ɗaya bizar ƙwararren ma'aikaci ce a wata ƙasa nan kusa, albashi mai kauri har da mota. Ɗaya kuma takardar zaman dindindin ce a wata ƙasa mai sanyi, babu aiki a hannu, sai ya je ya nema. Ni tuni na zaɓi motar.

Usta ya dube ni ta saman tabarau. "Abu Mansur, rayuwarka duka kana tuƙa motar mutane, har yau mota ke ruɗa ka?"

"Wannan daban ce, ya Usta. A baya zan zauna."

Bai yi dariya ba. Ya ce ta farko a jikin aiki take. Ranar da kamfani ya ce halas, aiki ya ƙare, kwanaki za a ƙirga maka, kai da iyalinka. Ta biyun kuwa, ka sauya aiki ba ka roƙi kowa ba, ko ciwo ya kwantar da kai ba mai cewa ka tattara. Na ce to sanyin fa? Ya ce, "Sanyi riga ake sa masa." Ya ƙara da cewa, "Kada ka tambayi takarda me za ta ba ka kana da ƙarfi. Tambaye ta ranar da hannunka ya fara rawa."

Mansur ya bi maganarsa. Na yi fushi, mako guda ban je Balad ba. Sai ga shi a tasi har gidana, ya rungumo butar shayi, wai ta ƙi dahuwa babu surutuna.

A zaman ta'aziyya na ji abin da ya hana ni cin abinci. Matarsa, Hajiya Batula, a unguwar Mahjar nan Jidda aka haife ta, ba ta taɓa ganin Sudan ba, kuma iƙamarta a jikin tasa take. Babban ɗansu yana ta zaryar ofis don a mayar da ita ƙarƙashinsa, har yau ba a amsa ba. Ashe ranar da yake karanta takardun ɗana, nasa gidan yake gani. Ni kuwa ina lissafin kujerar baya.

Allah Ya jiƙan Usta Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya bai wa 'ya'yansa haƙuri. Hajiya Batula kuma, ya Rabbi, Ka sauƙaƙa mata, Ka bar ta a garin da aka binne mijinta. Amin.