Ɗakuna Huɗun Malam Nababa

Malam Nababa malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bayan Rimin Gado, shekararsa goma sha tara yana koyar da 'yan aji huɗu. Da damina kuma manomi ne kamar ubansa. Da aka raba musu gado, 'yan'uwansa suka sayi shanu, shi kuwa ya sayi fili a Rijiyar Zaki, kusa da jami'a, da niyyar ya gina ɗakuna huɗu ya zuba ɗalibai haya. Kowa ya ji sai ya ce Malam ya yi hangen nesa. Ba wanda ya faɗa masa cewa gini ba ya son a juya masa baya.

Ana tashi daga makaranta yake hawa babur ya kama titin Gwarzo, amma kafin ya isa leburori sun fara wanke shebur. Asabar kaɗai yake da yini guda, ita ma gona na jiranta. Lahadi kuwa ba a rasa suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, kuma malami ba ya ƙin zuwa. Matarsa Hure har ta daina tambayarsa yaushe zai dawo, sai dai ta rufe masa tuwonsa a kwano.

Wata Talata da yamma ruwan shuka ya sauka. Washegari kowa ya ɗauki iri ya nufi gona, sai Malam, don hedimasta ya ce masu duba makarantu suna tafe. Yana tsakiyar darasi maginin da ke masa aiki, Uwaisu, ya kira shi.

"Malam, mun kai wajen tagogi. Wane ɓangare za a buɗe su?"

"Ka jira ni zuwa ƙarfe biyu, Uwaisu."

"Ai mun riga mun kwaɓa siminti, ba ya jira."

Daidai nan baƙin suka yi sallama a bakin aji. Malam ya ce, "Ka yi yadda muka yi magana," ya kashe wayar.

Baƙin ba su tafi ba sai bayan la'asar. Da ya isa wajen ginin, ya tarar an fitar da tagogin duka huɗu suna kallon katangar maƙwabci, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Ya shiga ɗaki guda, ko tafin hannunsa da ƙyar yake gani. Ya fito ransa a ɓace.

"Wane ɗalibi ne zai yi karatu a wannan kogon? Haka muka yi da kai?"

Uwaisu ya goge hannunsa a riga. "Allah Ya huci zuciyarka, Malam, ai ba mu yi maganar ba. Ranar da muka fara, aka kira ka jana'iza ka tafi."

Malam ya buɗe baki zai yi musu, sai ya tuna. Gaskiya ne. Ya zauna kan bulo ya yi tagumi, ga haushi fal a cikinsa, ga shi ba wanda zai sauke wa.

Kwana shida aka yi ana fasawa ana sake ɗorawa, shi kuma yana tsaye a kai duk yamma. Kafin ya samu sukunin shuka, geron maƙwabtansa ya tsiro. Ya shuka nasa a makare, ruwa ya ɗauke mako biyu, irin ya mutu a ƙasa. A wannan shekarar, karo na farko tun tasowarsa, a kasuwa ya auno hatsin gidansa.

Da wata daminar ta zagayo, ya kira ƙanensa Fatihu ya danƙa masa gonar, ya noma su raba. Ya faɗi maganar kansa a sunkuye, don gonar ce mahaifinsu ya koya masa riƙon fartanya a cikinta.

Yanzu ɗakunan sun kammala, uku da mutane a ciki. Sai dai wayar ba ta huta ba: yau famfo ya tsaya, gobe kwano na yoyo, jibi wani ya ɓatar da makulli. Makon jiya wani dillali ya kira shi, wai akwai fili mai kyau a bayan nasa. Malam ya ce zai zo ya gani ranar Asabar. Sai da ya ajiye wayar ya tuna Asabar ɗin ya riga ya yi wa kafintan da zai gyara kwanon da ke yoyo alkawari.