Bitrus, Wanda Ya Sauka Don Gwaggo Barira

Duk mai bin layinmu a unguwar Zango ta Damagaram da safe ya san Baba Bitrus. Farar riga a goge, ƙyalle rataye a hannu, zai ɗauko kofin kunu a kan faranti, ya ajiye gaban matarsa Esta, ya rusuna ya tambaya cikin raɗa ko madam na bukatar wani abu. Amsarta ɗaya ce kullum: "Madam na bukatar ka ɗaga murya."

Ba laifinsa ba ne. Bawan Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hidima a taragon manya na jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, wanda ke tashi daga Faransa ya ƙetara iyaka kafin shayinka ya huce. Kujera kamar gado, abinci har wurin zamanka, kuma ba mai cewa uffan. Ko tari ka yi sai ka nemi gafara. Bana ya ajiye aiki ya dawo gida. Ba wanda ya buga masa ganga, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Gwaggona Barira, mai sayar da turaren wuta, ta je Turai wankan jegon ƴarta Aliya, surukinta ya yankar mata tikitin taragon nan. Ta shiga da sallama a bakinta, ta bi Turawa ɗaya-ɗaya tana yi musu tayin dabino, kowa ya sunkuyar da kai. Bitrus ne kaɗai ya amsa: "Sannu, Inna. Daga wace unguwa?" Ta riƙe hannunsa har sai da ta gano ta san kakarsa.

Da jirgi ya tsaya a wani gari, Gwaggo ta yi abin da kowa ke yi a motar Yamai. Da alwalarta, sai ta bar jakarta ta tsare mata kujera, ta sauka, ta shimfiɗa gyale ta kabbarta salla. Takardunta da wayarta duk suna cikin jakar, Faransancinta kuwa bai wuce "bonjur" ba.

Bitrus ya hango ta daidai lokacin da ƙofar jirgi ta fara kukan rufewa. Ba shi da ikon tsayar da jirgi, kuma ya san ma'aikacin da ya bar tarago a tsakiyar aiki kora ce ke jiran sa. Ya diro, da faranti a hannu. Ƙofa ta rufe.

Gwaggo ta sallame, ta shafa addu'a, ta duba.

"Ina motar?"

"Ta tafi, Inna."

"Ba ka ce wa direba akwai mutum ba?"

"Wannan direban ba ya jira."

"To, ba shi da tarbiyya. Me ke cikin farantin nan?"

Nan ta zauna ta cinye abincin wani attajiri, tana cewa gishiri bai ji ba. Shi kuwa ya yi ta buga waya har aka adana jakarta, ya sa Gwaggo a jirgi na gaba, ya damƙa ta hannun Aliya. Da ƙyar ya tsira da aikinsa. An cire shi daga taragon manya, ya daɗe yana wanke kofuna. Bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa. A bakin Esta na ji, kuma ranar sai da na yi hawaye.

Kai ne, Bitrus na Esta, Kiristan da ya yi gadin sallar tsohuwa da faranti a hannu. Kai ne ka bar kujerun manya don uwar wani. Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuwa ƴaƴanmu da ke can, in kun ga naku ya sauka inda bai sani ba, ku sauka tare da shi.

Har yau Gwaggo na ba da labarin yadda ta tarar da wani yaron Damagaram jirgi ya tafi ya bar shi, ta zauna da shi don kada ya ji tsoro. Ranar da muka je yi masa sannu da dawowa ma sai da ta maimaita a gabansa.

Ya rusuna, ya ce cikin raɗa, "Haka aka yi, Inna."