Rami a Takalmin Mai Keke

Mai Keke muke ce mata, don tun tana budurwa ƙafarta ba ta sauka daga kan keken ɗinki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, saboda haka ba a bakin wani na ji labarinta ba. Mace ce mai hannu, amma ba ta da baki. Ta auri mai gyaran takalma na bakin layinmu, mutumin da bai taɓa jin maganar da ta fi tasa daɗi ba.

Wata shekara wani ɗan ƙululu ya fito mata a tsakiyar tafin ƙafar dama, wadda take taka keke da ita. Bai kai ƙwayar wake ba, amma in ta danna feda sai ta ciji leɓe. Ƙanwarta mai shara a asibiti ta ja ta wurin likita. Likita ya latsa, ya ce ba ciwon daji ba ne, ta kwantar da hankalinta. Akwai gashin haske da ake yi da inji, amma sai ƙululun yana ɗanye yana kan girma gashin yake kama shi. In ya tsufa ya ƙandare, haske ba ya yi masa komai. Ya ce ta zo tun yanzu.

Da mijin ya ji, sai ya ajiye guduma. Wai ɗakin gashi na masu daji ne, in aka ga matarsa tana shiga can, gobe duk layi sun fara yi masa jaje. Kuma wai wa ya fi shi sanin ƙafa, shi da ya yi furfura cikin warin ƙafafun mutane?

Ya shafa alli a kan ƙululun, ya sa ta taka takalmi. Inda allin ya fito ya sa wuƙa ya ƙwaƙule rami, ya liƙa soso a ciki. Ta taka, ba zafi. Aikin ya yi kyau, ba zan ci masa haƙƙi ba, kuma kyawun nasa ne ya cuce ta.

Ƙululu ya ƙara girma, ya faɗaɗa ramin. Wani ya fito a gefensa, ya haƙa masa nasa. Ƙanwar ta yi ta roƙo har ya hana ta shiga gidan. Ni ma na ce wa Mai Keke, ke dai sakarya ce, ƙafar taki ce ko tasa? Ta ce mini, "Iya, ai ba ya ciwo."

Sai da takalmin ya koma kamar gidan ɓera, feda kuma ta gagare ta dannawa, sannan ta lallaɓa ta koma asibiti.

Likita ya latsa ya girgiza kai. "Baiwar Allah, ina kika shiga? Wannan ai ya zama dutse."

Ya ce lokacin gashi ya wuce. Yanka kuma, sau da yawa abin yakan dawo ya fi na da. Abin da ya rage kawai shi ne a yi mata takalmi mai laushi, mai rami daidai ƙululun.

Ta dawo tana kuka ta faɗa wa mijin. Ta bango na ji dariyarsa.

"Kin ji ko? Likitan ma ni ya biyo."

Yanzu keken yana ɗakin matar ɗansu, tana taka shi kamar tana faɗa da shi, allura tana karyewa. Mai Keke kuwa tana zaune a kan benci gefen rumfar mijinta, tana ɗinka maɓalli da hannu. Duk wanda ya kawo takalmi yana kukan ciwon ƙafa, sai mijin ya juya ya ce ta cire nata ta ɗaga masa tafin ya gani. Kuma sai ta ɗaga.