Kurkurar Kallamu Ba Ta Cikin Takarda

Shekara goma sha huɗu ke nan Kallamu yana tuƙa kurkura, babur mai ƙafa uku da bodi a baya, daga ƙauyensu na kusa da Watari zuwa bakin titi. Tumatir yake ɗauka, da awaki, da masu cin kasuwa, da marasa lafiya, domin ba motar da ke yarda ta bi wannan hanya.

Bara aka zo rajistar ababen hawa. Ma'aikacin ya tambaye shi, "Malam, ta fasinja ce ko ta kaya?"

"Kurkura ce," in ji Kallamu.

"Babu kurkura a takardata."

Ya rubuta ta kaya. Tun daga ranar, duk shingen da Kallamu ya iso da mutum a baya, sai an tsare shi an karanta masa takardar, kamar shi ya rubuta ta.

Ranar Talata da hantsi ya ɗauko Bilkisu, matar maƙwabcinsa, tana naƙuda. Mai shinge ya ɗaga hannu, ya ce ba a ɗaukar mutane a motar kaya.

Kallamu ya kashe inji, ya sauko. "To kawo mana ta fasinjar, Yallaɓai," ya ce. "Shekara goma sha huɗu muke jiranta."